Sandar sauti a falonmu na Badariya, bayan wata bakwai

Inna ce sanadin sayen sandar sautin nan, doguwar sifikar da ake haɗa wa talabijin don ƙara mata murya, ko da yake har yau ba ta sani ba. Lokacin da ta zo daga Argungu ta yi wata biyu a wurinmu nan Birnin Kebbi, kullum bayan Isha'i takan zauna kan darduma ta jingina da kujera, a kunna mata shirin dare na Arewa24. Ba a minti biyar sai ka ji ta ce, "Mi tac ce?" Sai uwargida ta maimaita mata. Can kuma, "Shi kuma mi yac ce?" In na ƙara murya don ta ji zancen, da kiɗa ya shigo sai ya cika gidan, ta ɗaga hannu ta ce, "Ku rage muna wanga abu, kunnena zai hwashe." Haka nake kwana da rimot a hannu, ƙara, rage, ƙara, rage, kamar mai fifita wuta.

Da farko na ɗora laifin kan kunnen tsufa. Sai na lura ni ma ina rasa rabin maganar, musamman in fankar sama tana gudu, kuma wanda ya san Birnin Kebbi a watan Maris da Afrilu ya san ba a kashe fanka don kallo. Talabijin ɗinmu mai inci 43 ce, irin siraran nan. Sirantar da ke sa ta yi kyau a bango ita ce ta hana ta murya, domin sifikunta ƙanana ne, kuma ƙasa suke kallo, ba mai zaune ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da muka tashi da ita a gida ta fi ta amo nesa ba kusa ba, saboda tana da ciki.

Kuskurena na farko na yi shi ne a kasuwa, da ido. Na ga wata doguwar sanda mai fitilu ja da shuɗi suna rawa, an rubuta 3000W da manyan baƙaƙe a jikin kwali, kuɗinta kuwa bai kai na rabin buhun shinkafa ba. Mai shago ya sa waƙa ta waya, ya murɗa, gilashin shagon ya kama karkarwa. Na biya ina murna. Da na kai gida aka sa fim, sai ga kiɗa kamar ana daka a tsakar gida, maganar mutane kuwa kamar daga cikin randa take fitowa. Inna ta dube ni ta ce, "Wanga ai ya hi na da muni." Yanzu abin yana shagon askin ƙanena, can ya dace.

Wani mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarmu, dattijo ne da ya fara sana'ar tun zamanin kaset, shi ya warware mini zancen wat, wato wannan 3000W da ke jikin kwalin. Ya juya kwalin ya nuna mini ƙananan haruffa huɗu kusa da lambar, PMPO. Ya ce wannan ƙarfin da na'ura za ta iya kaiwa ne na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. Wanda ake dubawa shi ne RMS, ƙarfin da za ta iya riƙewa tana aiki. Ya ce, "Malam, ɗauki adaftar da ta zo da ita ka karanta abin da take ja. Abin da bai shiga ba ta ina zai fito?" Na karanta, na yi shiru. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shi ne kuma ya karantar da ni lambobin da ake rubutawa, waɗanda da nake ɗauka ado ne. In ka ga 2.0, sifiku biyu ne, dama da hagu. In ka ga 2.1, an ƙara wufa, akwatin nan mai fitar da gumzar ƙasa. A 3.1 an ƙara sifika ta tsakiya, wadda aikinta shi ne maganar mutane. A 5.1 kuma akwai biyu da ake ajiyewa bayan mai kallo. In lamba ta uku ta biyo, kamar 3.1.2 ko 5.1.2, to akwai sifikun da ke harba sauti sama ya daki silin ya dawo, wato abin da ake sayarwa da sunan Dolby Atmos. Ya ce ciwon gidana sifikar tsakiya ce maganinsa, sauran duk ƙari ne. Wannan maganar ita ce ta fi kowace amfani a duk abin da na ji, kuma ban biya ko kwabo a kanta ba.

Na zaga shagunan kayan lantarki na nan gari, sannan da wata hidima ta kai ni Sakkwato na ƙara dubawa. Wannan karon da filash na tafi a aljihu, ɗauke da abu uku: wani fim na yaƙi da na tabbatar sautinsa 5.1 ne, wani shirin Hausa mai yawan zance, da karatun Alƙur'ani. In ka bar mai shago ya zaɓi abin gwaji, waƙa mai duka zai sa maka, kuma a waƙa mai duka kowace sanda jaruma ce. Ka ce a sa maka mutum biyu suna magana a hankali, ka koma nesa kamar tazarar kujerarka da talabijin, ka ji ko kana tsintar kalmomin. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan cinikin ji ne ke korar gani.

Biyu suka tsaya mini a rai. Ɗaya Hisense HS2100 ce, 2.1, wat 240, wufarta ba ta da waya tsakaninta da sandar, soket kawai take nema. Tana da abin da ake kira DTS Virtual:X, dabarar da ke yaudarar kunne ya ji kamar sauti ya faɗaɗa ya wuce tsawon sandar. Ta yi mini daɗi, gaskiya, kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin haɗawa. Sai dai a kunnena faɗin daga gaba yake. Sautin ya buɗe dama da hagu, amma ban taɓa jin wani abu a bayana ba. Irin wannan dabarar tana son ɗaki mai bango a kowane gefe da mai kallo ya zauna daidai tsakiya, falonmu kuwa gefe ɗaya ƙofa ce da ba a rufewa, ɗaya gefen taga da labule mai kauri.

Ta biyun Sony HT-S20R ce, 5.1 na ainihi, wat 400 a jimla. Sanda mai sifiku uku a ciki, dama, hagu da tsakiya, sai wufa, sai ƙananan sifiku biyu na baya. Ba sabon samfuri ba ne, tun 2020 yake kasuwa, kuma shi ya sa kuɗinsa ya sauko inda irina zai iya miƙa hannu. Ba ta da Atmos, Dolby Digital kawai take karantawa, wato tsarin sautin da ke ɗaukar 5.1. Na yi tunanin Atmos ɗin na kwana biyu, domin sunan yana da daɗin faɗa a majalisa. Amma sai na tambayi kaina a ina zan samo shi. Netflix sai a tsarinsu mafi tsada suke ba da shi, tashoshin da muke kallo ba su da shi, fina-finan da ake tura mana a filash ba su da shi. Sannan sautin da za a harba sama sai ya ratsa fanka mai juyawa kafin ya dawo. Na haƙura, kuma ban yi nadama ba.

Ba zan rubuta abin da na biya ba, domin tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin kayan nan yake bin dala, wanda aka gaya mini kafin azumi ba shi za a gaya maka ba bayan Sallah. Abin da zan ce shi ne ta fi Hisense ɗin tsada, amma ba ta kai rabin kuɗin manyan masu Atmos ba. Na karɓi rasit, na sa aka buɗe kwali a gabana aka haɗa duka sifikun shida aka gwada, na duba lambar jikin wufar ta yi daidai da ta kwali. Mai shagon ya ɗan ɓata rai da daɗewar da na yi, na ce masa ya yi haƙuri, an taɓa sara ta.

Sai zancen wayoyi, wanda shi ne babban abin da mai saye ya kamata ya sani. A wannan samfurin komai a jikin wufa yake haɗuwa. Sandar da waya take zuwa wufa, sifikun baya biyu kowace da doguwar wayarta zuwa wufa, ita ma wayar talabijin can take shiga. Kawunan wayoyin masu launi ne, kowane da raminsa, don haka ba a ɓata. Amma dole wayoyi biyu su ratsa falo daga gaba zuwa baya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na san da haka tun a shago, uwargida ce ba ta sani ba. Da ta shigo ta ga wayoyi kwance kan tayil sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, shanya za mu riƙa yi a falo?" Kwana uku muka yi a haka, autarmu mai rarrafe ta ja ɗaya ta faɗo daga kan kujera. Daga baya na sayo siririn bututun roba da ake mannawa a gindin bango, na kira yaron da ke mana wayarin ya bi da su ta kusurwa, ya rataye sifikun da ƙusa. Aikin awa biyu ne. Wanda yake gidan haya da ba a yarda ya huda bango ba, ko wanda ba ya son wannan hidimar, akwai yayarta HT-S40R, wadda sifikun bayanta ke haɗuwa da wani ɗan akwati a bayan ɗaki, shi kuma ya karɓi sauti ba waya. Sai dai ta fi tsada, kuma akwatin ma soket yake so.

Wurin rataye su ma sai da na yi gwaji. Falonmu irin na kowa ne, kujeru sun bi bango sun zagaye, mai cin mutum uku tana manne da bangon baya. Ke nan babu wani "baya" da za a sa sifika. Da na ajiye su kan kafaɗar kujera daidai kunne, wanda ya zauna gefe sai ya riƙa jin tasa sifikar kaɗai tana masa raɗa. Da na ɗaga su sama da kan mai zaune da kamar kamu biyu, na kai su kusurwa, na juyo fuskarsu zuwa tsakiyar ɗaki, sai abin ya daidaita. Wufa kuwa da na matsa ta lungu sai gumzar ta yi yawa ta cinye zance, na jawo ta kusa da teburin talabijin na bar tazara tsakaninta da bango. Kafet ɗin tsakar ɗaki da labule ma suna taimakawa. Ranar da aka fitar da kafet don wanki, sautin ya riƙa tsalle kan tayil kamar a ɗakin da ba kowa.

Wautar da na fi jin kunyarta ita ce ta makon farko. Na haɗa komai, ina jin sauti, amma na bayan kamar ba sa aikin kirki. Har na fara zargin an sake yi mini. Ashe abu biyu ne, duka laifina. Na farko, ramukan HDMI na bayan talabijin ba ɗaya suke ba, guda ɗaya ne aka rubuta ARC a gefensa, shi ne mai mayar da sauti zuwa sanda, kuma ta nan ne rimot ɗin talabijin ke iya ƙara murya da ragewa, ba sai ka riƙe biyu ba. Ni kuwa da wayar oftikal na fara, ita ma tana ɗaukar Dolby Digital 5.1, amma ba ta ba ka wannan sauƙin na rimot. Na biyu, wanda shi ne ainihin ciwon, a saitin sautin talabijin an bar shi kan PCM, wato talabijin tana matse komai ya koma hanya biyu kafin ta tura. Da na mayar da shi Dolby Digital, a wasu talabijin za ka ga an rubuta Auto ko Passthrough, sai gidan ya canja. Ina jin mutane da yawa sun sayi 5.1 suna nan suna sauraron 2.1 shekara da shekaru ba su sani ba.

Daren da ya fara aiki sosai, fim ɗin yaƙin nan na sa. Akwai inda jirgi mai saukar ungulu ke tasowa daga nesa ya wuce. Ya taso ta bayan kafaɗata ta hagu, ya bi ta gefe, ya ɓace a gaba. Babban ɗana ya waiga ya dubi taga. Da aka zo wurin ruwan sama kuwa, uwargida ta miƙe za ta kwashe shanya, sai da ta kai ƙofa ta tuna muna tsakiyar rani. Ta dawo tana dariya tana cewa Allah ya shirye ni. Wannan daren kaɗai ya sa na yafe wa wayoyin.

Amma ga gaskiyar da mai shago ba zai gaya maka ba. Irin wannan daren sau nawa yake zuwa? A gidana bai fi sau ɗaya ko biyu a mako ba. Mafi yawan abin da muke kallo, shirye-shiryen Hausa na YouTube, labarai, wa'azi, fina-finan Indiya masu fassara, duk sautin hanya biyu ne. Su masu fassarar ma sukan danne sautin asali su ɗora murya a kai, to me za a aika baya? Fina-finan da yara ke karɓowa wurin masu turawa a waya an matse su don kada su cinye wuri, kuma sauti ne farkon abin da ake yankewa. A irin waɗannan, abin da ke fita daga sifikun baya ɗan amo ne kawai mai cika ɗaki, ba wani jirgi da zai wuce ta kafaɗarka. Sai fina-finan Netflix da aka rubuta 5.1 a jikinsu, ko babban fayil da ba a taɓa ba, su ne ke tashin su daga barci. Netflix ɗin kuma data yake ci, wannan ma lissafi ne.

Abin da nake mora kullum shi ne na tsakiyar. Magana tana fitowa tsaf daga ƙarƙashin allon, ba ta cakuɗe da kiɗa. Akwai maɓallin Voice a rimot mai ƙara fito da murya, shi muke bari a kunne kusan koyaushe. Akwai kuma Night, mai rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa, don kada ka ƙara murya saboda zance sannan harbi ya tayar da yara. Ƙarfin wufa shi ma yana da nasa maɓallin daban, kuma wannan ya raba ni da kunya. Bangonmu ɗaya da maƙwabcina, malamin Islamiyya ne mai tashi tun kafin asuba. Gumzar wufa ba ta san bango ba, tana ratsa bulo ta inda zance ba ya ratsawa. Wata safiya bayan mun fito masallaci ya riƙe hannuna yana murmushi ya ce, "Malam, jiya ina ji ana yaƙi wurinku, da fatan an yi nasara." Tun ranar, da ƙarfe goma ta yi nake sauke wufar.

Wajen wuta ba ta da ci. Wat 400 da aka rubuta na sauti ne, ba abin da take ja daga bango ba. A ɗan inbatan solarmu, in na kunna ta, abin da ke ƙaruwa bai kai na fankar sama ba, shi ya sa ko an ɗauke wuta muna ƙarasa kallo. Abin tsoro shi ne dawowar wuta da ƙarfi, da kuma lokacin da ake juyawa zuwa janareta. Tunda a wufa aka tara dukan kayan aikin, in ta ƙone komai ya tsaya. Na sa mata ɗan akwatin kariya irin wanda ake sa wa talabijin da firij, mai jinkirta wuta kafin ya sake ta. Kuɗinsa kaɗan ne, kada ka bar shagon ba tare da shi ba. Da damina kuma in hadari ya haɗu ana walƙiya, cire filogi nake gaba ɗaya.

Ƙura ita ce ɗayar abokiyar gaba. Da hunturu ya shigo, cikin kwana biyu sai ka rubuta sunanka a kan wufa da yatsa. Uwargida ta ɗinka musu 'yan riguna da ragowar atamfa, ana rufewa da safe, ana gogewa da busasshen tsumma. Kada a sa ruwa.

Ƙananan abubuwa biyu da na so a ce na sani tun farko. Ramin USB da ke jikinta na sauti ne kaɗai, waƙa ko karatu, fim kuwa a talabijin ake sa filash ɗinsa. Sannan wasu fayilolin fim da wani tsarin sauti mai suna DTS suke zuwa, ita kuma ba ta karanta shi, sai ka koma saitin talabijin ka mayar PCM don wannan fim ɗin. Bluetooth ɗinta yana aiki lafiya, da shi uwargida ke sa karatu da safe daga wayarta tana shara. Amma kada ka haɗa talabijin da ita ta nan, sautin hanya biyu zai koma, kuma wani lokaci baki kan riga murya.

Abokan aikina biyu sun tambaye ni ko su saya, kuma amsa daban na ba su. Na farkon ɗaki ɗaya da falo yake haya a Gesse, kallonsa ƙwallo da labarai da shirin Hausa. Na ce masa ya nemi 3.1 in aljihu ya kai, in bai kai ba 2.1 ta kamfanin da aka sani mai maɓallin fito da murya ta ishe shi, ya bar wayoyin baya. Na biyun gidan kansa ne, yana biyan Netflix, yaransa sun girma ba mai jan waya. Shi na ce ya zo ya ji tawa tukuna. Ya zo ranar Asabar da dare, na zaunar da shi tsakiyar doguwar kujera, na sa masa wurin jirgin. Bai ce komai ba, sai da zai tafi ya tsaya yana auna bangon da ido, yana tambayar nawa yaron wayarin ya karɓa.

Inna ta dawo watan jiya don ganin likitan ido. Daren farko aka kunna mata shirinta, na zauna gefe da rimot ina jira. Minti ashirin ba ta tambayi kowa komai ba. Sai can ta nuna allon da baki ta ce wa uwargida, "Wagga yarinya ƙarya ta ka yi mishi, ji abin da tac ce jiya." Ta ɗaga kai ta ga sifikar da ke rataye a kusurwa cikin rigarta ta atamfa, don an manta ba a cire ba, ta tambaya ko asusun yara ne.